Awo da Amana: Tarihin Ba da Magani a Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin magungunan Hausa sun fi mai da hankali a kan tambayar wane magani ake yi wa wace cuta, watau sunayen itatuwa da saiwoyi da kuma rukunonin masu ba da su. Ba safai akan tsaya a kan tambayar da ke biye da wannan ba, wadda ita ce: idan an sami maganin, wane ne zai miƙa shi, nawa zai auna, kuma da wace magana zai raka shi? Alhali kuwa a nan ne rai yake tsira ko ya salwanta, domin abin da yake warkarwa a cikin cokali ɗaya yana iya kisa a cikin ludayi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tarihin ba da magani a ƙasar Birnin Gwari, tun daga zamanin boka da ungozoma har zuwa na ma'aikatan jinya. An zaɓi wannan ƙasa ce saboda dalilai biyu. Na farko, ƙasa ce mai daji da ƙoramu, inda cuta ta daɗe tana da sauƙin samuwa, likita kuwa yana da wuyar gani. Na biyu, a cikinta aka gudanar da wani aikin rabon magani wanda sakamakonsa ya zama abin misali a Afirka, kuma hannun mutanen ƙauye ne ya gudanar da shi.

2.0 Ƙasar da Dajinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani. A zamanin mulkin mallaka an sa ta cikin Lardin Zariya a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Dajin Kamuku da ke cikinta an keɓe shi tun 1936, sa'an nan a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Kogin Mariga da rassansa su ne suka ratsa ƙasar.

Wannan yanayi yana da fuska biyu. Dajin shi ne rumbun magani, domin a cikinsa ake samun maɗaci da marke da kirya da ɗorawa da kaɗanya da hano. To amma a irin waɗannan ƙoramu masu duhuwa ne ƙudan tsando yake zama, a irin wannan ruwa mai gudu ne kuma baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi yake hayayyafa. Ƙauyuka kamar Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa suna da nisa da babban asibiti, da damina kuwa nisan yakan ƙaru.

3.0 Awo a Hannun Boka da Ungozoma

Kuskure ne a ɗauka cewa Bahaushen dauri ba shi da awo. Yana da shi, sai dai ma'auninsa jikinsa ne da kayan ɗakinsa. Garin magani akan ce a ɗiba da yatsa uku, ko a cika tafin hannu. Jiƙo da tsimi kuwa akan auna su da ludayi ko ƙoƙo ko moɗa. Lokaci ma yana da ƙa'ida: wani magani kafin a karya kumallo, wani da hantsi, wani in za a kwanta barci. Adadin kwanaki yakan bi lissafin al'ada, inda uku take ta namiji, huɗu ta mace, bakwai kuma ta haɗa su. Hanyar shigar da magani ita ma an rarrabe ta, akwai sha da shafawa da wanka da turare da sirace da tsaga.

Haka kuma Bahaushe ya san cewa magani da dafi 'yan gida ɗaya ne. Maharba suna haɗa dafin kibiya da kwankwani; ana yin rantsuwa da shan gwaska, wanda sau da yawa yakan kashe mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya; zaƙami kuwa sunansa na biyu, haukata-yaro, ya isa gargaɗi. Kalmar makari ma shaida ce, domin ba a neman makarin abin da ba a san ƙarfinsa ba. Likita J. M. Dalziel, wanda ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tattara ire-iren waɗannan sunaye masu yawa. Kafin zuwansa malaman Daular Sakkwato sun yi rubuce-rubuce a kan tibbu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi talifi a kan amfani da filasko wajen wanke ciki, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, lamunin ɓarnar da ta auku yana wuyansa.

Raunin wannan tsari yana wuri biyu. Na ɗaya, ƙarfin sassaƙe yakan bambanta daga itace zuwa itace, daga rani zuwa damina, ludayi kuwa ba ya gane wannan bambanci. Na biyu, idan magani ya zama al'ada, sai a daina auna shi. Misali mafi bayyana shi ne kunun kanwa da wankan jego. Binciken da likitoci N. M. Davidson da E. H. O. Parry suka yi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya da kumburi da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau da yawan gishirin da ke cikin kanwa tare da zafin wanka da kwanciya a kan gadon wuta. Ba a ba mai jego kanwa don a cuce ta, gata ake yi mata. Rashin iyaka ne ya mai da gatan cuta.

4.0 Zuwan Allura

Maganin Turawa ya shigo Lardin Zariya ta hannun 'yan mishan, irin su Likita Walter Miller, sa'an nan ta hannun gwamnati da hukumomin En'e, waɗanda suka yi ta buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a hedikwatocin gundumomi daga wajen 1930. Hausawa suka raɗa wa irin wannan wuri suna sha-ka-tafi, mai kula da shi kuma suka kira shi malamin asibiti. Sunan malam da aka ba shi ya nuna cewa an ɗora masa irin amanar da ake ɗora wa mai allo da tawada. A wannan zamani ne kalmomin likita da asibiti da nas suka shigo daga Ingilishi, allura kuwa, wadda asalinta Larabci ne kuma da can ta ɗinki ce kawai, ta sami sabuwar ma'ana.

Abin da ya fara kai allura cikin ƙauyuka da yawa shi ne annobar ciwon barci. Daga 1931 zuwa 1940 ma'aikatan yaƙi da wannan cuta sun duba mutum fiye da miliyan 3 a Arewacin Nijeriya, suka sami kusan 400,000 ɗauke da ita, kuma Lardin Zariya yana cikin inda ta fi tsanani, har ta sa aka tashi ƙauyukan Ancau aka gina Takalafiya. Ayarin ma'aikata yakan sauka a gari, a tara jama'a da umarnin hakimi, a lalubi wuyan kowa, wanda aka samu da cutar a jera masa allurai. Ɗaya daga cikin magungunan, tirifasamaid, an haɗa shi ne da sinadarin arsanik, kuma an san yana lalata jijiyar ido, har wasu su warke daga ciwon barci su tashi da makanta. Wanda ya biyo bayansa a 1949, melasofurol, yakan kashe kimanin 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa shi. Ke nan tun farkon haɗuwar talaka da allura, tazarar da ke tsakanin waraka da halaka ƙanƙanuwa ce, kuma ba a cika yi masa bayaninta da harshensa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fenisilin ta zo, ta riƙa warkar da gyambo da ciwon sanyi cikin 'yan kwanaki. Daga nan allura ta yi farin jini, har majiyyaci ya riƙa ganin an raina ciwonsa idan aka sallame shi da ƙwaya. Wannan buƙata ita ta haifi mai allura, watau mutumin da ya taɓa aikin share-share ko ɗaurin miki a asibiti, ya sami sirinji ɗaya ya shiga kasuwannin ƙauye da shi. Sakamakon haka ya haɗa da ƙurji a mazaunai, da shanyewar ƙafar yaro idan allurar kunin ko kulorokwin ta taɓa babbar jijiya, da kuma yaɗuwar cututtukan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai allurai marasa tsabta sun sa wa mutum miliyan 21 ciwon hanta nau'in B a duniya, miliyan 2 nau'in C, sa'an nan 260,000 cutar ƙanjamau.

5.0 Aikin Jinya da Ƙa'idojinsa

Hukuma ta yi ƙoƙarin killace wannan hannu da doka. An yi dokar ungozomomi a 1930, ta rajistar ma'aikatan jinya a 1947, sa'an nan a 1979 aka haɗe hukumomin biyu suka zama majalisa ɗaya mai kula da horarwa da ba da lasisi. Bayan taron Alma Ata na 1978, musamman a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, an ƙarfafa horar da ma'aikatan lafiya na karkara, aka ba su littafin umarni wanda ya fayyace abin da za su bayar da kuma lokacin da za su tura majiyyaci gaba.

Ginshiƙin abin da ake koya wa ɗalibin jinya game da ba da magani shi ne tabbatar da abubuwa biyar kafin ya miƙa hannu: majiyyacin shi ne wanda aka rubuta wa, maganin shi ne wanda aka rubuta, adadin daidai ne, hanyar shigarwa daidai ce, lokacin kuma ya yi. Daga baya an ƙara rubuta abin da aka bayar nan take, da yi wa majiyyaci bayani, da sanin cewa yana da ikon ƙi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da fuskar da ta shafi harshe da al'ada. A ɗakin da ake da Aisha uku, ko inda kunya ta hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari, tabbatar da majiyyaci yana bukatar fiye da kiran suna. Haka nan majiyyaci ba zai faɗi jiƙon da ya sha a gida ba sai ya tabbata ba za a yi masa tsawa ba, alhali sanin wannan jiƙo yana iya canza abin da ya kamata a ba shi.

6.0 Lokacin da Amana ta Karye

Ƙa'idojin nan biyar sun ginu ne a kan zaton cewa abin da ke cikin kwalba shi ne abin da aka rubuta a jikinta. A 1990 wannan zato ya rushe, sa'ad da ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe yara 109 a yankunan Jos da Ibadan ta hanyar lalata musu ƙoda. Wannan musiba tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka, a ƙarshen 2008 da farkon 2009 sinadarin ya sake ɓulla a cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, ya kashe yara 84, kuma asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka fara gano abin. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu.

A Kano kuwa, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu, 5 daga cikin waɗanda aka ba sabon maganin, 6 daga waɗanda aka ba tsohon. Iyaye sun yi ƙarar cewa ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari yana cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Darasin a fili yake: bayanin da aka ƙi yi wa iyaye ɗari biyu, yara dubbai ne suka biya kuɗinsa.

7.0 Sandar Awo: Nasarar Birnin Gwari

Makantar kogi tsutsa ce ke kawo ta, wadda baƙin ƙuda yake sa wa mutum. Tana farawa da ƙaiƙayi da kurajen fata, ta ƙare da makanta. Tsofaffin magungunanta suna da haɗari, domin Banocide yakan tayar da kumburi da ƙaiƙayi mai tsanani har ya ƙara ɓata ido, suramin kuwa yakan taɓa ƙoda. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da ibamektin kyauta da sunan Mectizan, ana shan sa sau ɗaya a shekara. Gwajin da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka gudanar a ƙauyukan Jihar Kaduna, wanda aka buga a 1993, ya nuna cewa yana kare jijiyar ido.

Sai dai akwai matsala. Adadin maganin yana bin nauyin jiki ne, sikeli kuwa yana da tsada, yana lalacewa, kuma ba kowa ya iya karanta shi ba. Daga bayanan da aka tara a kan mutanen Jihar Kaduna ne masu binciken suka nuna, a 1993, cewa tsawon mutum yana iya tsayawa a madadin nauyinsa. Daga irin wannan bincike aka sami sandar awo, sanda mai zane huɗu wadda ake tsayar da mutum a jikinta: daga santimita 90 zuwa 119 ƙwaya 1, daga 120 zuwa 140 ƙwaya 2, daga 141 zuwa 158 ƙwaya 3, abin da ya haura haka ƙwaya 4. Wanda bai kai zanen farko ba, da mai ciki, da mai ɗanyen jego na makon farko, da mai ciwo mai tsanani, ba a ba su. Jama'ar ƙauye su ke zaɓen mai rabo daga cikinsu, a ba shi horo da littafin rajista, kuma a gabansa ake haɗiye ƙwayar.

An fara rabon a Birnin Gwari da yankin Kauru da Lere a 1991, da tallafin ƙungiyar Sightsavers. A 2008 aka koma wasu ƙauyuka na waɗannan yankuna biyu aka gwada fatar mutum 3,703, ba a sami tsutsar a jikin ko mutum ɗaya ba, alhali kafin a fara rabon kimanin rabin waɗanda aka gwada a matsakaicin ƙauye suna ɗauke da ita. Rahoton da aka buga a 2012 ya zama shaida ta farko a ƙasashen da shirin yaƙi da cutar na Afirka yake aiki a lokacin cewa ana iya kawar da ita da ƙwaya kaɗai. Idan aka duba da kyau, za a ga ƙa'idojin jinya biyar duk suna cikin wannan tsari: mai rabo ya san kowa da sunansa da gidansa, maganin iri ɗaya ne, sanda ta yanke adadi a idon jama'a, hanyar sha ce, lokacin kuma gari ne ya tsayar da shi.

8.0 Shekarun Tashin Hankali

Daga wajen 2012, lokacin da aka kai hari Dogon Dawa, dajin ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska, a ƙarshen 2021 kuma gwamnati ta katse layukan waya, ta hana hawan babur, ta rufe kasuwannin mako a yankin na wani lokaci. Ma'aikatan lafiya da yawa sun bar ƙauyuka, ɗakunan shan magani suka zama kufai. A irin wannan hali awo yakan koma hannun mai kemis da mai tallar magani a faranti, wanda yake sayar da kafso ɗaya ko biyu gwargwadon kuɗin mai saye, yana kiransa da launinsa, kamar ja-da-yalo. Shan rabin adadi kuwa shi ke koya wa ƙwayar cuta jure wa magani. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar kara. Amma mayar da ƙwararren hannu cikin ƙauye aiki ne da ya fi buɗe kasuwa ɗaukar lokaci.

9.0 Rabon Masana Harshe

Yawancin maganin da ake sha a karkara uwa ce take auna shi a ɗakinta, saboda haka maganar da ma'aikacin jinya ya sallame ta da ita wani ɓangare ne na maganin. Kalmar cokali ɗaya ce a Hausa, alhali ƙaramin cokalin awo mililita 5 ne, babba kuwa 15. Wanda ya ce wa uwa ta ba da cokali ɗaya bai nuna mata wanne ba, ya buɗe ƙofar ninka adadi sau uku. Haka nan "sau uku a rana" ana iya fahimtarsa da safe da rana da yamma, a bar dare duka babu magani, alhali abin nufi shi ne kowace awa 8. Da an ce da Asuba, da Azahar, da lokacin kwanciya, da an kusanci abin da ake so da agogon da kowa ya sani. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ya maye gurbin kulorokwin a Nijeriya tun 2005 ana shan sa sau 6 cikin kwana 3, kuma sai an faɗa a fili cewa saukar zazzaɓi a rana ta biyu ba dalilin ajiye sauran ba ne.

10.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa ba da magani lami lafiya yana tsaye ne a kan abubuwa uku: sanin abin da ake bayarwa, da awon da ba ya canzawa daga hannu zuwa hannu, da amanar da ke sa majiyyaci ya faɗi gaskiya kuma ya bi umarni. Boka yana da amana, awonsa ne mai rauni; ma'aikatan ciwon barci suna da awo, amma umarnin hakimi ne ya tara musu jama'a; sandar Birnin Gwari ta haɗa duka ukun, shi ya sa ta ci nasara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2017 don rage illar kuskuren magani da rabi, to amma a ƙasar Hausa irin wannan shiri ba zai kai ɗakin uwa ba sai da Hausa. Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i su haɗa kai da makarantun jinya wajen daidaita kalmomin awo da na lokaci, da rubuta umarnin shan magani da boko da ajami, da kuma tattara bayanan tsofaffin malaman asibiti da masu rabon Mectizan na Birnin Gwari tun suna raye, domin abin da suka sani bai shiga littafi ba tukuna.